Na'urar Wasan Bidiyo: Kayan Ciki da Farashi

Na'urar wasan bidiyo, wadda matasa suka fi kira gem, kwamfuta ce da aka ƙera musamman don wasa. Ana haɗa ta da talabijin ko kuma a riƙe ta a hannu. Kamfanoni uku ne suka mamaye kasuwarta a yau: Sony da Nintendo na Japan, da Microsoft na Amurka. Duk lokacin da ɗayansu zai fitar da sabuwar na'ura, sai ya zauna ya yanke shawarar abin da zai sa a cikinta da abin da zai bari, domin kowane ƙari yana da kuɗinsa. Wannan shawara ita ce ke nuna wanda zai iya saye da wanda zai tsaya kallo, kuma sau da yawa ita ce ke ɗaga kamfani ko ta kayar da shi.

Yadda ake yanka farashi

Abubuwan da suka fi cin kuɗi a cikin na'ura su ne ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi da zana hoto, da rumbun ajiye wasanni, da na'urar karanta faifai, da fanka da ƙarafan da ke janye zafi, sai fad ɗin da ake riƙewa a hannu. Sony da Microsoft sun sha sayar da sabuwar na'ura a ƙasa da abin da suka kashe wajen ƙera ta. Ba kyauta suke yi ba. Lissafinsu irin na mai sayar da fitila da araha ne don ya riƙa sayar da kananzir: ribar tana cikin wasannin da za a yi ta saye shekara da shekaru, da kason da suke cirewa a shagonsu na intanet, wanda yawanci kashi 30 ne cikin ɗari, da kuɗin rajistar wata-wata na masu wasa da juna ta intanet. Nintendo ya fi son amfani da kayan da suka riga suka yi araha, don kada ya yi asara mai yawa a kan na'urar kanta.

Abin da tarihi ya nuna

A 1993 aka fitar da wata na'ura mai suna 3DO a kan dala 699. Tana da ƙarfi a zamaninta, amma kuɗin ya kori masu saye, ba ta daɗe ba ta ɓace. A 1995 kamfanin Sega ya sa na'urarsa Saturn a dala 399 a Amurka, Sony kuma ya sa PlayStation ta farko a 299. Wannan tazarar dala ɗari tana cikin dalilan da suka ba Sony kasuwar. Nintendo ya tsaya a kan kaset a Nintendo 64 ta 1996, alhali kaset mafi girma bai wuce megabait 64 ba, faifan CD kuwa yana ɗaukar kusan 650 kuma buga shi ya fi sauƙi. Masu ƙirƙirar wasanni da yawa suka koma wajen Sony.

PlayStation 2 ta shekarar 2000 ita ce misalin ƙarin da ya biya kuɗinsa. Tana karanta faifan DVD a lokacin da na'urar kallon DVD ke da tsada, ga shi tana buga wasannin PlayStation ta farko, duk a dala 299. An sayar da fiye da miliyan 155. Farashinta ya sauka zuwa 199 a 2002, ya kai 99 a 2009, abin da ya sa ta isa gidaje da shagunan da ba a yi lissafi da su ba tun farko.

Sony ya so maimaita wannan dabara a PlayStation 3 ta 2006, sai abin ya zo da nauyi. An cusa mata na'urar karanta sabon nau'in faifai mai suna Blu-ray, da ƙwaƙwalwa mai suna Cell, har da kayan cikin PlayStation 2 don ta buga tsofaffin wasanni. Babbarta ta fito a dala 599, masu binciken kasuwa kuma suka ƙiyasta cewa ƙera kowace ɗaya ya haura dala 800. Mai saye yana kukan tsada, kamfani yana asara. Kafin ƙarshen 2007 an fitar da wata a dala 399 wadda aka cire mata ikon buga wasannin PlayStation 2. A shekarar 2006 ɗin kuma Nintendo ya fitar da Wii a dala 249, hotonta bai kai na abokan gasarta kyau ba, amma tana da abin sarrafawa mai bin motsin hannu, yaro da tsoho duk suna iya wasa. Ta haura miliyan 100.

Microsoft ya faɗa irin ramin da Sony ya faɗa a 2013, da ya wajabta wa kowa sayen kyamarar Kinect, mai bin motsin jiki, tare da Xbox One a dala 499, ga PlayStation 4 a 399. Ya kuma shirya cewa sai na'urar ta leƙa intanet sau ɗaya a kowane awa 24, amma ƙorafin jama'a ya sa ya janye tun kafin ta shiga kasuwa. A watan Yunin 2014 aka raba ta da Kinect, farashin ya koma 399. Kinect ba shirme ba ce, amma tilasta wa mutum biyan kuɗin abin da bai nema ba kuskure ne babba.

A ɓangaren na hannu, Game Boy ta 1989, wadda Gunpei Yokoi na kamfanin Nintendo ya jagoranci ƙera ta, ba ta da launi, batir huɗu ke ɗaukar ta tsawon awanni masu yawa. Game Gear ta Sega tana da launi, amma tana cinye batir shida cikin 'yan awanni. Marar launin ce ta yi nasara.

Faifai ko saukewa daga intanet

Wannan ita ce muhawara mafi zafi a yanzu. A Nuwamban 2020 PlayStation 5 ta fito iri biyu: mai faifai a dala 499, marar faifai a 399. Microsoft ya fitar da Xbox Series X a 499, da Series S marar faifai a 299. PlayStation 5 Pro ta 2024 ta zo a dala 699 ba tare da na'urar faifai ba, sai dai a saye ta daban.

A ido, marar faifai ta fi araha. Amma Hausawa sun ce araha ba ta ado. Wanda ya saye ta ya ɗaure kansa da shago ɗaya, na kamfanin da ya ƙera ta, a farashin da kamfanin ya ga dama. Ba zai ari wasa a wajen aboki ba, ba zai sayi na hannu ba, ba zai sayar da wanda ya gama ba, ba zai yi musaya ba. Manyan wasanni na yanzu wasu sun haura gigabait 100, rumbun PlayStation 5 ta farko kuwa gigabait 825 ne, kuma abin da ke saura wa mai wasa bai kai 700 ba. Series S ta farko 512 gare ta. Idan rumbu ya cika sai a goge wasa, ranar da aka so shi kuma a sake sauke shi. Ga wanda ke sayen data da gigabait-gigabait, dala ɗarin da ya rage a farko ba za ta daɗe ba za ta zube. Gaskiya ne faifan ma ba ya raba mutum da intanet gaba ɗaya, tunda wasanni da yawa suna neman sabuntawa, amma yana rage nauyin ƙwarai.

Lissafin a Zariya

Waɗanda ke zana waɗannan na'urori suna tunanin gida mai wutar da ba ta yankewa, da intanet marar iyaka, da talabijin mai hoton 4K, wato hoto mai fitowa tar-tar. A Zariya lissafin ya sha bamban. Yawancin matasa ba a gidajensu suka fara riƙe fad ba, a gidan gem ne, inda ake biyan kuɗin wasa ɗaya-ɗaya, wanda aka ci ya tashi wani ya zauna. Irin waɗannan shaguna sun fi yawa inda ɗalibai suke, kamar Samaru da Kongo saboda Jami'ar Ahmadu Bello, da Sabon Gari da Tudun Wada. Wasan ƙwallon ƙafa ne ke riƙe da su: FIFA, wadda ta koma EA Sports FC a 2023, da PES, wadda ta koma eFootball a 2021. Mai gidan gem ba abin wasa ya saya ba, jari ya zuba, don haka tambayarsa ita ce wata nawa na'urar za ta yi kafin ta mayar da kuɗinta.

Kuɗin kansa ya yi tsalle. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kusan 750 a kasuwar bayan fage. Bayan an saki naira a watan Yuni na shekarar, dala ta haura 1,500 a 2024. A wannan farashi dala 499 ta kusan naira dubu 750, tun ba a sa kuɗin kwastan da sufuri da ribar ɗan kasuwa ba. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka amince da shi a 2024 naira dubu 70 ne, wato na'ura ɗaya ta fi albashin wata goma. Ga kuma wani sabon abu: da an saba farashin na'ura yana sauka idan ta tsufa, amma Sony ya ƙara kuɗin PlayStation 5 a ƙasashe da dama a 2022, sannan shi da Microsoft duk sun ƙara a Amurka a 2025. Shi ya sa 'yan Beljiyam, wato na hannu da ake shigowa da su, musamman PlayStation 3 da 4, suke riƙe da kasuwa har yanzu.

Sai maganar wuta. PlayStation 5 tana jan kusan wat 200 idan wasa ya yi nauyi, ban da talabijin. Nintendo Switch ta 2017 ba ta kai wat 20 ba, kuma tana da batir, ko an ɗauke wuta wasa ba ya tsayawa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, duk wanda ke kunna janareta ko ya dogara da sola da inbata ya san wannan bambanci a aljihunsa. Zafin bazara da ƙurar hunturu kuma suna gwada fanka da ƙofofin iska fiye da yadda ake gwada su a ƙasashen sanyi. Na'urar da aka matse kayanta don ta yi kyan gani tana iya zama wahala. Xbox 360 ta 2005 ta yi fama da lalacewar da zafi ke da hannu a ciki, har Microsoft ya ware sama da dala biliyan ɗaya a 2007 don gyara.

Idan aka jera abubuwan bisa amfaninsu a nan, na'urar faifai, da iya wasa ba tare da intanet ba, da damar mutum biyu ko huɗu su yi wasa a talabijin ɗaya, da jure zafi, su ne a gaba. Buga wasannin tsohuwar na'ura ma yana da daraja sosai, kuma a nan PlayStation 5 ta kyauta, tunda tana buga kusan duk wasannin PlayStation 4, faifan da mutum ya tara ba su zama shara ba. Hoton 4K, da gudun hoto 120 a daƙiƙa, da dabarar zana haske da inuwa kamar na gaske, duk abubuwa ne masu ban sha'awa, sai dai ba sa bayyana a ƙaramin talabijin, kuma an riga an biya kuɗinsu. Rajistar wasa ta intanet ma tana da nata cikas: Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake zaɓa wajen buɗe asusun PlayStation, don haka masu wasa kan buɗe da sunan Amurka ko Ingila, su riƙa sayen katin kuɗi da dala ko fam.

Fad da gyara

Fad shi ne abin da ya fi saurin mutuwa, kuma kamfanoni guda ɗaya kawai suke sawa a kwali. Na PlayStation 5 yana da makirfo da lasifika da maɓallan da ke yin tauri ko laushi gwargwadon wasa, ya fito a wajen dala 70. A gidan gem, inda hannuwa da yawa ke murza shi daga safe zuwa dare, sandar juyawarsa kan fara karkata da kanta, ɗan wasa ya riƙa tafiya ba a tura shi ba. Masu gyaran waya da kayan lantarki suna iya canza sandar da batirin idan sun sami kayan, kuma kayan PlayStation 3 da 4 sun fi samuwa a hannunsu fiye da na Xbox ko Nintendo. Wannan ma yana cikin abin da mai saye a Zariya ke tambaya kafin ya zaro kuɗinsa.