Karɓuwar Manhajojin Koyarwa ta Intanet a Wurin Malaman Jami'a

Manhajar koyarwa ta intanet dandali ne da jami'a ke buɗewa domin malami ya ɗora darasi, ya ba da aikin gida, ya karɓa, ya saka maki, ba tare da an haɗu a aji ba. Cikin waɗanda suka fi yaɗuwa a ƙasashe masu tasowa akwai Moodle, wadda Martin Dougiamas ɗan Ostireliya ya fitar a 2002, kuma ba a biyan kuɗin lasisinta. A kanta Jami'ar Makerere ta Uganda ta gina dandalinta mai suna MUELE. Jami'ar Ghana da ke Legon kuwa Sakai ta ɗauka.

Masu nazarin yadda malamai ke karɓar irin wannan fasaha sukan dogara da ma'aunin da Fred Davis ya gabatar a 1989: mutum yana rungumar na'ura idan ya ga amfaninta, ya kuma ga ba ta da wuyar sarrafawa. A 2003 Venkatesh da abokan aikinsa suka ƙara wasu sharuɗɗa, ciki har da tasirin abokan aiki da samuwar kayan aiki da tallafi.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ƙashin bayan lamarin a yawancin jami'o'in Afirka. Malami na iya son manhajar, amma wuta ba ta tsayawa, sabis yana yankewa ana tsakiyar darasi, data kuma daga aljihunsa yake saya. Wani sai dare ya yi, an kawo wuta, sannan ya zauna ya naɗi bayani. Ga aji mai ɗalibai ɗaruruwa, da yawansu wayar hannu kaɗai suke da ita. Ƙarin girma kuma a kan buga maƙaloli ake yin sa, don haka awannin da aka kashe wajen tsara darasin intanet kusan ba sa shiga lissafi. Ba adalci ba ne a kira wannan ƙin ci gaba.

Annobar korona ta fito da abin fili. Da aka rufe makarantun Nijeriya a watan Maris na 2020, jami'o'i masu zaman kansu da dama sun koma Zoom da Google Classroom. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, wadda ta yi yajin aiki tun daga Maris har Disamba na wannan shekarar, ta ce jami'o'in gwamnati ba su da kayan da za a yi hakan. A Afirka ta Kudu kuwa jami'o'i sun daidaita da kamfanonin waya irin su MTN da Vodacom, aka riƙa shiga shafukansu na karatu ba tare da cin data ba.

WhatsApp, da ba don karatu aka yi shi ba, ya samu shiga wurin malamai cikin sauƙi. Malami ya tura takardar darasi da saƙon murya ga wakilin aji, shi kuma ya watsa a zauren ɗalibai. Jarrabawa ce har yanzu malamai da yawa suka fi son a rubuta a gabansu, saboda tsoron satar amsa.