Tsuntsayen Ruwa da Dausayin Gaɓar Teku a Afirka ta Yamma

Tsuntsayen ruwa su ne waɗanda cinsu da kwanansu da ƙyanƙyasarsu suka dogara ga kogi, tafki, fadama ko bakin teku. Bahaushe ya san da yawansu da suna: zalɓe, balbela, dinya, kirinjijiya, jinjimi, kwasakwasa da gauraka. Wasu 'yan gida ne. Wasu kuwa 'yan cirani ne, suna tasowa daga Turai da arewacin Rasha idan hunturu ya daskarar da ruwan can, su juya gida wajen Maris ko Afrilu.

A Kogin Kaduna, idan ruwa ya ja baya da rani, duwatsu da yashi suka bayyana, ana ganin zalɓe tsaye ƙyam a cikin ruwa, sai kifi ya gifta ya kai masa sara. Kusa da shi akan ga wani ɗan tsuntsu mai ruwan ƙasa, cikinsa fari, yana bin gaɓa yana kaɗa jela. Wannan baƙo ne daga ƙetaren Sahara, ko da yake masu wanki a bakin kogin ba sa ko kallonsa. Shamuwa kuma tafiyarta ba ta fita Afirka. Ita ce mai zuwa da albishir ɗin damina.

Mafi yawan baƙin da ke bin gaɓar Atilantika suna sauka ne a wuraren da mota ba ta kaiwa. Babba daga ciki shi ne Banc d'Arguin a Muritaniya, gandun da aka kafa a 1976, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 12,000, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1989. A nan hamada take gangarowa har cikin teku. Sau biyu a yini ruwa yana janyewa ya bar fili na taɓo, tsuntsaye su baje a kai suna cusa dogayen bakunansu suna zaƙulo tsutsa da ƙananan dodon koɗi. Da kitsen da suka tara a nan suke komawa arewa, tafiyar dubban kilomita. Masuntan Imragen da ke zaune a ciki an bar musu sana'arsu, amma da kwalekwale mai filafilan iska, ban da mai inji. Wannan sharaɗi ɗaya ya fi dokoki da yawa da ke kwance a takarda amfani. Kudu da nan akwai tsibiran Bijagos 88 a Gini Bisau, inda al'adar mutanen wurin ta hana taɓa wasu tsibiran, sai kunkurun teku da tsuntsaye suka samu sakewa.

A Najeriya, gaɓar Neja Delta ce ke ɗauke da dajin mangurof, itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafu. Kifi yana haihuwa a ƙarƙashinsu. Malalar ɗanyen mai ta kashe da yawa, kamar yadda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya nuna, sannan wani irin kwakwa mai suna nipa, da aka kawo Kalaba a 1906, yana mamaye gurbin da suka bari.

Yarjejeniyar kare dausayi an sa mata hannu a garin Ramsar na Iran ranar 2 ga Fabrairu, 1971, shi ya sa ake bikin ranar dausayi ta duniya a wannan rana. Ta fara aiki a Najeriya a 2001, kuma wurin farko da aka yi wa rajista shi ne tafkin Nguru da mashigar Marma, a dausayin Haɗeja zuwa Nguru. Matsalar can ta ruwa ce. Madatsun Tiga da Challawa sun rage ambaliyar da ke cika fadamu, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa, abin da ya taɓa manomin shinkafa da masunci da makiyayi kafin ma ya taɓa tsuntsu. Kowace shekara a watan Janairu masu ƙidaya suna fita da tabarau mai hangen nesa, daga Dagona ta Jihar Yobe har zuwa gaɓar Muritaniya, suna lissafa tsuntsaye iri-iri, wani ɓangare na ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya da aka faro tun 1967.