Batirin Litiyam

Batirin litiyam nau'in batir ne da ake cajinsa a sake amfani da shi sau ɗaruruwa, wani har dubbai. Shi ne ke cikin wayar hannu da kwamfutar cinya da motar lantarki, kuma shi ne ya fara maye gurbin manyan baturan dalma da masu sola ke jerawa a gidaje da shaguna. Litiyam ya fi kowane ƙarfe rashin nauyi, don haka batirinsa ke tara wuta mai yawa a ɗan ƙaramin jiki. Amfaninsa daga nan yake, haɗarinsa ma daga nan yake.

Yadda yake aiki

A cikin batirin akwai ɓangarori biyu, tsakaninsu siririn shamaki mai ƙananan ramuka, duka a jiƙe da ruwan sinadari. Idan aka sa caji, ƙwayoyin litiyam sukan ratsa shamakin su tattaru a ɓangaren gurafait, wato irin baƙin abin nan da ke cikin fensir. Idan an kunna waya sai su koma ɗaya ɓangaren, wutar kuma ta bi ta waje ta yi aiki. Wannan kai-komo shi ne rayuwar batir, kuma kowane zagaye yana ɗan rage masa ƙarfi.

Tarihi

Stanley Whittingham ne ya fara haɗa irinsa a shekarun 1970, yana aiki da kamfanin mai na Exxon a lokacin da tsadar fetur ta girgiza duniya. Nasa yana da tsantsar ƙarfen litiyam a ciki, kuma yakan kama da wuta. A 1980 John Goodenough a Jami'ar Oxford ta Ingila ya nuna cewa haɗin litiyam da kobalt na ba da wuta mai ƙarfin da ya kusa ninka na baya. Sai Akira Yoshino na Japan a 1985 ya cire tsantsar ƙarfen, ya sa wani nau'in gawayin fetur a madadinsa, abin da ya sa batirin ya zama wanda za a iya sa wa mutum a aljihu. Kamfanin Sony ya kai shi kasuwa a 1991. Su ukun sun raba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2019, Goodenough yana da shekara 97.

Daga 1991 zuwa yanzu farashinsa ya faɗi da fiye da kashi 90 cikin ɗari.

Nau'o'i

Yawancin ci gaban da aka samu ya zo ne daga sauya abin da ake haɗa litiyam da shi. Haɗin nikel da manganis da kobalt yana ɗaukar wuta sosai, shi ya sa motoci masu tafiyar nesa ke amfani da shi, amma yana da tsada kuma ba ya jure zafi. Haɗin baƙin ƙarfe da fosfet, wanda aka fi sani da LFP, daga ɗakin binciken Goodenough a Jami'ar Texas ya fito a tsakiyar shekarun 1990. An daɗe ana raina shi don ya fi nauyi kuma wutarsa ba ta kai ta ɗan'uwansa ba. Kamfanonin Sin irin su CATL da BYD ne suka ɗauke shi da muhimmanci, yanzu ya mamaye kasuwar motocin ƙasar da ta ajiyar wutar sola. Babu kobalt a cikinsa, yana daɗewa, kuma da wuya ya kama da wuta. Ga wanda batirinsa zai zauna a kusurwar ɗaki cikin zafin Kano ko Maraɗi, nauyi ba abin damuwa ba ne, LFP ya fi dacewa da shi nesa ba kusa ba.

Ana kuma ƙera batirin sodiyam, wanda CATL ya gabatar a 2021, da batirin da aka cire wa ruwan ciki aka sa sandararren abu. Na biyun an jima ana alƙawarinsa, har yau bai yawaita a kasuwa ba.

Gobara

Ruwan da ke cikin batirin mai cin wuta ne. Idan shamakin ya huje, ko saboda faɗuwa, ko kuskuren masana'anta, ko caja mara kyau, ɓangarorin biyu sai su haɗu, zafi ya tashi. Zafin ya tayar da sinadaran, su kuma su ƙara zafin, har abin ya fi ƙarfin tsayarwa. Wutar tana da wahalar kashewa, tana fitar da hayaƙi mai guba, kuma takan sake tashi bayan an ɗauka ta mutu. Alamar da kowane mai gyaran waya ya sani ita ce batir ya kumbura har ya ɗaga murfin baya ko gilashin gaba. Irin wannan ba a danna shi, ba a huda shi, ba a sake sa masa caji.

A Janairun 2013 an dakatar da dukkan jiragen Boeing 787 na tsawon watanni saboda baturansu. A 2016 Samsung ya janye wayar Galaxy Note 7 daga kasuwa. A 2016 ɗin dai hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya ta hana ɗaukar waɗannan batura a matsayin kayan dako a jirgin fasinja. A Yunin 2024 gobara a wata masana'antar batirin litiyam a Hwaseong ta Koriya ta Kudu ta kashe mutum 23.

Ma'adinai da muhalli

Ostireliya ce kan gaba wajen haƙo litiyam, daga dutse take fitar da shi. A Chile da Ajantina kuwa, ruwan gishiri ake zuƙowa daga ƙarƙashin ƙasa a shanya shi a manyan tafkuna fiye da shekara guda har rana ta ƙafar da shi. A Chile, a hamadar Atacama ake wannan aiki, ɗaya daga wuraren da suka fi bushewa a duniya, kuma mazauna yankin sun daɗe suna kukan ruwa. Mafi yawan tacewa a Sin ake yi.

Kobalt ya fi ɗaukar zargi. Kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da duniya ke haƙowa daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo yake fitowa, musamman kewayen Kolwezi, inda wani kaso ke fitowa daga ramukan da ake tona da hannu, da yara a ciki. Irin wannan haƙa ta iso Najeriya: akwai litiyam a Nasarawa da Kwara da Kaduna, an buɗe masana'antar sarrafa shi a Nasarawa a 2024, kuma a ƙarshen 2024 ɗin 'yan jarida suka samu ƙananan yara suna tsince dutsen a ramukan da ba su da lasisi. Zimbabwe ta hana fitar da ɗanyen litiyam tun Disamban 2022 don a riƙa sarrafa shi a gida.

Ƙera motar lantarki na fitar da hayaƙi fiye da ƙera ta fetur, saboda batirin, amma takan biya wannan bashi cikin 'yan shekarun tuƙi. Sake sarrafa tsohon batir yana yiwuwa, Tarayyar Turai ma ta kafa dokar da ta wajabta shi a 2023. Sai dai masu wannan sana'a kobalt da nikel suke nema, su ne masu kuɗi, kuma LFP ba shi da ko ɗaya. Tsohon batirin dalma yana da 'yan gwangwan da ke sayensa da kilo, na litiyam kuwa a yawancin garuruwanmu bola yake ƙarewa.