Layin dogo da masana'antun Arewa: tambayoyin da ake ta maimaitawa

Tambayoyin nan na amsa su har bakina ya gaji. Ga su wuri guda, a karanta kafin a sake tambaya.

An gama layin dogo daga Legas zuwa Kano?

Wanne? Tsohon yana nan tun 1912. Sabon kuwa guntu-guntu ne: Abuja zuwa Kaduna an buɗe shi a 2016, Legas zuwa Ibadan a 2021. Na Kaduna zuwa Kano an ƙaddamar da aikinsa a 2021. Tsakanin Ibadan da Abuja babu komai.

Me ya hana sabon jirgi ya bi tsohon layi?

Faɗinsu ba ɗaya ba ne. Tsohon milimita 1,067, sabon 1,435. Ƙafar taragon ba ta zama.

Rashin jirgin ƙasa ne ya kashe masaƙun Kaduna da Kano?

A'a, kuma a daina faɗin haka. Masaƙar Kaduna ta farko an kafa ta a Kakuri a 1957, kusa da layin dogo, kuma layin yana nan kwance lokacin da aka rufe ƙofarta. Wutar lantarki ce ta gagara, man janareta ya cinye riba, noman auduga ya ja baya, atamfar fasa-ƙwauri ta cika Kantin Kwari. Tsadar sufuri ta ƙara wa ciwon zafi, wannan gaskiya ne. Amma wanda ya je Sharada ko Bompai ya ga ciyawa ta rufe ƙofar kamfani, ya tambayi tsohon maigadin wurin, maganar wuta zai fara yi masa kafin ta jirgi.

Ina da kwantena za ta sauka tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas. In ɗora ta a jirgin ƙasa ko a tirela?

Alhaji, wannan ba ta da amsa guda. Da farko, me ke ciki? Idan kaya ne mai nauyi da ba ya lalacewa, irin ƙarfe, tayil, sinadarin jima ko injin niƙa, jirgi ya fi dacewa da shi, kuma galibi ya fi sauƙin kuɗi. Idan kayan Sallah ne da kasuwarsu ke da kwanaki ƙidayayyu, ni ba zan ba ka shawarar jiran tarago ba. Jigilar kaya a tsohon layi takan yi aiki, takan tsaya, musamman da damina in ruwa ya ci wani sashe na hanyar.

Na biyu, takardarka. Akwai tashar tsandauri a Kaduna tun 2018, akwai ta Dala a Zawaciki, Kano, da aka buɗe a 2023. Amfaninsu shi ne a yi maka aikin kwastan kusa da gida. Sai dai wannan tun daga takardar lodin jirgin ruwa ake tsara shi, a rubuta cewa can kayan za su. In an riga an rubuta Apapa, sauyawar na iya cin lokaci, kuɗin jinkiri kuma yana hawa kullum.

Na uku, ka haɗa lissafin duka. Jirgi ba ya shiga sitonka. Za ka biya ɗorawa, ka biya saukewa, ka ɗauki mota daga tasha, sannan a mayar da kwantena wayam. Wani lokaci in ka tara waɗannan sai ka ga ratar ta ragu sosai. Tirela ma ba lafiya ba ce: hanyar Jebba zuwa Mokwa, shingaye, faɗuwar mota, tsadar gas. Kada ka tsorata dai. Ka sa ejan ɗinka ya kawo maka ranar da jirgin kaya ya tashi na ƙarshe da ranar da ya isa, a rubuce. In ya fara kame-kame, ɗauki tirela. In kwantena biyu gare ka, gwada ɗaya a jirgi.

Don me za a kai wa Nijar jirgi alhali mu ba mu ƙoshi ba?

Ku duba taswira mana! Layin Kano zuwa Maraɗi, da aka ƙaddamar a 2021, mafi yawansa a cikin Najeriya yake: Kazaure, Daura, Katsina, Jibiya. Nijar ba ta da teku, kayanta sun saba bi ta Kwatano da Lome. Jawo wannan ciniki ba kyauta ba ce. Damuwata ɗaya: in bai haɗu da teku ta sabon layi ba, rabin amfaninsa ya tafi.

Ajaokuta fa?

Masana'antar sarrafa ƙarfe ce, an fara gina ta a 1979. Layin da aka yi dominta, Itakpe zuwa Warri, sai a 2020 aka buɗe shi, galibi fasinja yake ɗauka. Ƙarfen dogon da muke shimfiɗawa daga waje ake sayo shi.

Jiha za ta iya gina nata layin?

Za ta iya, tun gyaran tsarin mulki na 2023. In gwamnanku ya zo da maganar, ku tambaye shi ko akwai reshen da zai shiga Challawa ya ɗauko fata, da wanda zai kai ga rumbunan Dawanau.