Mesa biyu a akwati ɗaya, sai ga ƙwai: me za a yi?

Ƙaramar mesar nan da ke dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata 'yar Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ce. Daga Ghana da Togo da Benin ake fitar da ita zuwa Amurka da Turai, inda ake kiwonta a gida cikin akwatin gilas. Masu haɗa biyu wuri guda sukan wayi gari su tarar ɗaya ta naɗe kan ƙwai.

An ce mini duka mata ne. Yaya aka yi?

Galibi mai sayarwa ne ya yi kuskure. Gaban namijin a ɓoye yake cikin gindin wutsiya, ido ba ya bambancewa, sai gwani ya duba da siririn tsinken ƙarfe. Macen kuma tana iya ajiye maniyyi a jikinta na watanni, wataƙila ta zo da shi tun daga hannun mai ita na farko. Takan ma yi ƙwai ba namiji, amma ba kasafai ba. A 2020 wata mai shekara 62 a gidan namun daji na Sant Luwis a Amurka ta saka ƙwai 7, bayan fiye da shekara 15 rabonta da namiji.

Akwai haɗari ga uwar?

Nan ne abin ya fi damuna. Namiji yana iya barbara tun yana ɗan shekara guda, amma masu kiwo ba sa barin mace sai ta kai kamar shekara 3 da nauyin giram 1,500. A akwati ɗaya ba mai tambayar shekarunta. Idan ta ɗauka tana ƙarama, ƙwai na iya maƙale mata a ciki, kuma hakan na kisa. Alamu sukan zo tun da wuri: ta ƙi abinci, tsakiyar jikinta ya kumbura, wani lokaci ta kwanta ciki sama, sannan ta yi saɓa. Kimanin kwana 30 bayan saɓar take sakawa. In ka ga tana yunƙuri ba abin da ya fito, ko ta saka wasu amma ragowar kumburi na nan, kai ta wurin likitan dabbobi ran nan. Kada ka matsa cikin da hannunka.

To, ƙwan fa?

Fara fitar da namijin. Ƙwan kan kai 3 zuwa 11, farare, masu laushi kamar fata, manne da juna. Kada ka ɓamɓare su, kada ka juya su yadda ake juya na kaza, domin juyi na iya kashe ɗan da ke ciki. Haska tocila a duhu: mai rai za ka ga jajayen jijiyoyi, ƙanana masu ruwan ɗorawa kuwa bara-gurbi ne. Suna son zafin digiri 31 zuwa 32 da danshi sosai, su ƙyanƙyashe cikin kwana 55 zuwa 60. Uwar na iya yin kwancinta da kanta, sai dai yawanci ba ta ci a lokacin, ramewa take yi.

Idan ba na son 'ya'yan?

Sa ƙwan a firiza tun kwanakin farko, sannan ka zubar. Na san da nauyi a zuciya. Amma kowane ɗa akwatinsa daban, ɓerayensa daban, kuma yana iya rayuwa shekara 20 zuwa 30.

Ai manyan biyu suna kwanciya kan juna, ba shaƙuwa ba ce?

Ba lallai ba. Wataƙila wuri mafi ɗumi ne kowa ke nema. Ga cuta da 'yan ƙwarin fata da ke tsallakawa daga wannan zuwa wancan, kuma in ka tarar da amai ba za ka san na wa ba ne. Raba su yau, kowa da akwatinsa da maɓoyarsa da kwanon ruwansa.