Don Allah a daina kama makwarwa da guba

Tun da ruwan shuka ya sauka, kusan duk ƙauyen da na shiga aikin malamin gona sai na tarar da abu ɗaya: dawa jiƙaƙƙiya da maganin ƙwari, an watsa ta a gefen gona ko bakin tafki, ana jiran makwarwa ta ci ta faɗi. Wani ya ce tana tone masa iri ne. Wani kuwa ba ya ma ɓoyewa, nama yake so.

Na san ɓarnarta, 'yan uwa. Makwarwa, ko fakara kamar yadda wasu ke ce mata, tsuntsuwar ƙasa ce, ta fi son gudu a kan tashi. Da asuba za ka ji ta a kan suri tana kuka, ta sauko ta bi layin shuka tana tono, da la'asar sakaliya ta dawo. Daga Senegal har Kamaru haka halinta yake. Mutumin da ya ci bashi ya sayi irin masara, ya wayi gari an tone masa, dole ransa ya ɓaci.

Amma guba fa? Wa zai ci wannan tsuntsuwar? Yaro ne zai tsince ta da safe, ya kai gida da murna, a fige a jefa a miya. An kira ni wani gida inda yara suka kwana suna amai da gudawa, miyau na dalala, zufa ta jiƙa su, ƙaramin cikinsu numfashi na sarƙewa. Uban ya ce ai an cire hanji da ƙundu, kuma ta dahu luguf. Malam, maganin da ya kashe ta ya riga ya bi jininta! Tafasa ba ta ba ka tabbacin komai. Kuma wadda guba ta kashe mushe ce, kowa ya sani.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu ɗaure su a kai kasuwa. Ka sayar wa mai ciki abin da kai ba za ka ba 'ya'yanka ba? Haba! Ga zabin gidanku da kaji suna kiwo a wannan gefen gonar, ga kare, ga ungulu da ke cin wadda ta mutu a cikin ciyawa. Ita makwarwar kuma a ƙasa take ƙwai, kashe uwa ɗaya kashe sheƙa guda ne, alhali gara da fara da take tsincewa a gonarka ba ka biya ta ko sisi.

Ɓarnar ta 'yan kwanaki ce, kafin shuka ta yi ƙarfi. Ku yi tsaron gona da sanyin safiya da yamma, ku kafa mutum-mutumi, ku rataya gwangwanaye, ku rufe iri da kyau ku taka. Ragowar irin da aka gauraya da magani a ɓoye shi nesa da yara da kaji. Tsuntsun da aka tsinta a mace ko yana tangaɗi, a binne shi da zurfi.

In kuwa wani ya riga ya ci, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai da ƙarfi. A kai shi asibiti nan take, a tafi da kwalbar maganin ko ledarsa a nuna wa likita.