Sankarar mama: ku daina ɓoye wa 'ya'yanku abin da ya ci uwarsu

Matan da ke zuwa mana asibiti da ciwon nono, da yawansu sai sun gama zagaye kafin su iso. An yi tsaga wurin wanzami, an shafa gari, an sha jiƙo, an yi hayaƙi, sai da wurin ya fashe ya fara wari sannan a kawo ta a lulluɓe. Wannan na damuna. Amma abin da ya fi ƙona min rai shi ne amsar da nake samu idan na tambaya, "Hajiya, a danginku akwai wadda ta taɓa yin irin wannan?" Sai a ce babu. Can bayan an saba, sai wata gwaggo ta ja ni gefe ta ce ai mahaifiyarta ma da shi ta tafi, yayarta ma haka, amma ba a faɗa wa yaran ba, an ce musu jifa ne.

Don Allah, me ya sa muke yin haka?

Ciwon nan yakan bi jini a wasu gidaje, kuma ba zato ba ne. Wata masaniya a Amurka, Mary-Claire King, ta shafe shekaru tana bin dangogin da sankarar mama ta yi wa yawa, har a 1990 ta nuna cewa akwai ƙwayar gado guda da ke da hannu, wadda ake kira BRCA1. A 1995 aka gano 'yar'uwarta, BRCA2. Kada kuma a ce wannan na Turawa ne. Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Najeriya da ta yi karatun likita a Ibadan, take aiki a Jami'ar Chicago, ita da abokan aikinta sun binciki mata sama da 1,000 masu wannan ciwo a Ibadan. Sakamakon da suka fitar a 2018 ya nuna kusan kashi 15 cikin 100 na ɗauke da gurɓatacciyar ƙwayar gado, mafi yawa BRCA1 da BRCA2. Binciken nata ya kuma nuna ciwon yakan kama matanmu da ƙuruciya, kuma sau da yawa mai saurin yaɗuwa ne.

Mutane sun ƙarar da rayuwarsu suna tono wannan ilimi, amma duk amfaninsa ya rataya ne a kan abu ɗaya: mace ta san tarihin gidansu. Ku kuma kun rufe. Uwa ko uba mai ɗauke da ƙwayar, kowane ɗa da ya haifa rabi da rabi ne, ko ya gada ko bai gada ba. Eh, har uba. Namiji na ɗauka ya ba 'yarsa, shi ma kansa yana iya kamuwa, don haka dangin uba ma a lissafa su.

Na san dalilin ɓoyewar. Ana tsoron a ce gidan wane akwai mugun ciwo, 'yan mata su rasa mijin aure. Ana jin kunyar ambatar nono a gaban yara. Ni ma 'yar gidan Hausa ce, na san nauyin wannan magana. To amma yarinyar da kuka rufa wa asiri don ta yi aure, ita ce za ta ji ƙullutu tana shayarwa ta ce ruwan nono ne ya daskare, ta zauna wata shida tana gasawa da ruwan zafi. Da ta san abin da ya ci uwarta, da tun makon farko ta zo. Wane rufin asiri ne wannan?

Ba kowace mai ɗauke da ƙwayar ke kamuwa ba, kuma yawancin ƙullutun nono ba daji ba ne. Wanda yake daji ma, idan an tare shi da wuri ana warkewa. Jinkiri ne ke kisa, ɓoyewa kuma ita ke haifar da jinkirin.

Ga abin da nake roƙo, a gurguje:

- Iyaye da gwaggwanni, ku zaunar da 'yan matanku ku faɗa musu wa ya yi ciwon, a wace shekara ta rayuwarta.
- Kowace mace ta duba nononta da hammatarta sau ɗaya a wata, bayan al'ada ta ɗauke.
- Ƙullutu, jini daga kan nono, kan nono ya shige ciki, fata ta canja: asibiti, a makon nan.
- Kada a tsaga, kada a shafa komai.
- In likita ya tambayi dangi, a faɗi gaskiya, har da masu ciwon dajin ƙwan mahaifa.

Maigida, kai ma da kai nake. In ta ce maka ta ji wani abu a nononta, kada ka ce ta bari sai bayan girbi. Ka ba ta kuɗin mota, in da hali ka raka ta. In asibitin garinku ya tura ku asibitin Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya, ku tafi da takardar a hannu, ba sai kun fara biyawa ta wurin mai magani ba.